Shekarar da Muka Kusa Sayar da Fadama Mu Koma Tsibiri

Na sha jin ku kuna faɗa, wani lokaci a gabana, wani lokaci in kun ɗauka hankalina yana kan tukunya, cewa da ba don Inna tana tsoron ruwa ba, da yanzu duk muna tsibiri muna cin kifi da ayaba. Har jikokina sun ɗauka. Ran nan ƙaramarsu ta tambaye ni wai da gaske ne na ga teku na suma. Ban suma ba. Na tsaya a bakinsa har ya jiƙa mini gefen zane, na kuma lasa na ji gishirin da ake faɗa. Babanku, Allah ya jiƙansa, ya san yadda aka yi, amma shi ba mai ba da labari ba ne, ya tafi da nasa a ciki. Saura ni, ni kuwa kun san ba a taɓa rasa magana a bakina ba. To ku zauna ku ji yadda muka kusa sayar da fadamarmu ta Wurno, da abin da ya hana.

Shekarar ta zo mana da wuya. Ruwan da ake saki daga madatsar Goronyo ya yi jinkiri, Babanku ya yi ta jan injin ban ruwa daga wannan rami zuwa wancan, albasa tana kallonsa yana kallonta. A shekarar ce kuma hanyar Rabah ta fara ba mutane tsoro saboda 'yan bindiga, muka fara ganin mata daga wajen Maikujera da ƙunshin kaya a ka suna neman wurin sauka. Cikin wannan hali yayanku ya zo gida. Ɗana na fari nake nufi, wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma zan fara a takarda ba. Tun yana saurayi ya bar gona ya bi motocin albasa zuwa Kurmi, daga can ya bi jirgin ruwa har tsibirin da garin Malabo yake, ya buɗe shago, ya zauna da matarsa Rabi. Ya zo ana tsakiyar bazara, zafi har tabarma tana ƙuna. Bayan azahar aka zauna gindin darbejiyar tsakar gida, ga Babanku, ga yayarsa Gwaggo Ai da ta zo daga Magarya, ni kuma ina gefe ina damun fura, bayana a gare su, kunnena a wurinsu. Yayanku ya fito da waya yana nuna hotuna.

"Baba, can ba a roƙon ruwa. Kusan wata tara ana yi. Ƙasa baƙa wuluk, ayaba ma ba ka san wanda ya shuka ta ba."

"Albasa hwa?" in ji Babanku.

"Ɗai-ɗai ake sai da ta, kamar ƙwai. Ku sai da fadamar ga ku taho, in samo maka hili can. Ba hwargaba, ba jan inji."

Babanku ya ajiye ludayi. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa ganin ya ajiye ludayi fura ba ta ƙare ba. Gwaggo Ai ta karɓi wayar ta juya ta sama ta juya ta ƙasa.

"Yanzu wanga gari ruwa ya kewaye shi ko'ina?"

"Ko'ina, Gwaggo."

"To in mace ta yi yaji, iyo za ta yi zuwa gidansu?"

Aka yi dariya, har ni. Babanku kaɗai bai yi ba, idonsa yana kan koren nan na cikin waya. Kada ku ga wautarsa. Mutumin da tun yana yaro yake fita roƙon ruwa da riga a juye, wanda ya ga gero ya ƙone yana tsaye, aka ce masa ga inda ruwa yake zuba kyauta kuma albasa tana da daraja kamar ƙwai, mi kuke so ya gani? Ya ga mai sanin albasa zai je can ya zama sarki. Kafin mako ya zagayo wani Alhaji daga Achida, wanda ya daɗe yana sha'awar fadamar, ya aiko yana gaisuwa da goro. Gwaggo Ai ta koma Magarya tana cewa ƙasar da ubansu ya sha wuya a kanta ba za ta sa hannu a sayar ba, amma rabonta tun tuni an fitar mata a wani wuri, maganarta ba ta da ƙarfin hanawa.

Abin da ya tsayar da cinikin shi ne cikin Rabi. Mahaifiyarta ta rasu, ba mai yi mata wankan jego, aka ce ni zan je. Ni da ko Sakkwato sai an ja ni. Ana gobe zan tafi Babanku ya kira ni rumfa, ya miƙo mini ƙullin tsumma. Irin albasarsa ne, wanda ya gada daga mahaifinsa, wanda ko maƙwabci ya roƙa sai ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ba da cokali ɗaya.

"Ki zuba shi can ki gani. Abin da kinka hwaɗa min shi za ni yi. In kin ce in sayar, in sayar."

"Malam, ni mi na sani ga noma?"

"Ke ka zaɓen ta rudu. Hannunki bai taɓa yi min ƙarya ba."

Gaskiya ya faɗa. Duk shekara in an kwaso albasa ni nake zama in ware wadda za ta shiga rudu, wato rumbun karan da ake ɗagawa sama iska tana ratsawa. Nakan danna wuyanta da babban yatsa in shinshina. In wuyan ya bushe ya ƙulle, za ta yi wata biyar ko shida lafiya. In da ɗan laushi, kasuwa za ta tun da wuri. Iyakar ilimina ke nan, da shi kuma aka tura ni ƙetaren teku.

Ba zan ɓoye muku alherin wurin ba, don in na ɓoye na ci amanar yayanku. Na sauka daga jirgin sama, na ga dutse ya tokare sama, gajimare ya naɗe masa kai kamar rawani, kore ko'ina har ido ya gaji. Ruwa a famfo cikin gida, ka murɗa ya zo. Kifi ɗanye mai girman cinyar mutum. Rabi ta haihu a asibiti mai tsabta, namiji, aka sa masa sunan Babanku. Akwai Hausawa a unguwar, da masallacinsu, matan suka yi ta zuwa barka ana hira kamar a gida. Fason ƙafata da na yi shekaru ina shafa wa man shanu ya rufe da kansa cikin kwana goma. Abin da ya fi duka, ba wanda yake tsayar da magana ya kasa kunne in ya ji ƙarar babur daga nesa. Sai da na je can na gane yadda muka saba da ɗar-ɗar a gida. Na zuba irin a bayan ɗaki cikin baƙar ƙasar nan, kwana kaɗan ya tsiro tsaf, kore shar, ban taɓa ganin ya fito da sauri haka ba. Farin ciki ya kama ni, na sa Rabi ta kira mini Babanku.

"Malam, ya hito! Ko ban ruwa ban yi ba, ya hito kamar gashin jariri."

"Alhamdu lillahi. To shi ke nan."

Nan na yi kuskurena. Ni labari nake ba shi, shi kuwa hukunci ya ji. Ban san cewa daga ajiye wayar ya aika wa Alhajin Achida a sa ranar da shaidu za su zo a zaga iyaka ba.

Daga mako na uku abubuwa suka fara yi mini magana, ni kuma ina yi musu dariya. Na buɗe kukar da na zo da ita na tarar ta dunƙule. Busasshiyar kuɓewa ta yi farin gashi. Daddawata, wadda a Wurno take shekara a tukunya, ta yi laushi ta canza wari. Gishiri a kwano yana tsattsafo da ruwa kamar mai zufa. In na wanke zanen mai jego na shanya, kwana biyu in taɓa in ji shi da sanyi, sai Rabi ta sa dutsen guga a bi shi. Itacen dafa ruwan wanka kuwa sai hayaƙi, na yi ta hura wuta ina hawaye safe da yamma. Duk wannan na ce ai baƙunta ce, kowane gari da halinsa. Sai aka yi ruwa kwana uku bai ɗauke ba. Da ya tsagaita na zagaya bayan ɗaki, na tarar rabin irin Babanku ya kwanta, gindinsa ya yi siriri ya ruɓe daidai inda ya taɓa ƙasa. Na tsuguna na daɗe a wurin.

Akwai wata dattijuwa 'yar asalin tsibirin da muke katanga ɗaya da ita, tana da ɗan lambu. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa, amma kullum muna gaisawa da hannu, ta taɓa ba ni gwanda na ba ta ƙuli-ƙuli. Ta leƙo ta gan ni tsugune, ta yafito ni. Na kira Rabi ta zo ta yi mana tafinta da ɗan abin da ta koya. Matar ta kai mu wani kwami, wato fangali, mai albasa, lawashi ya kai gwiwa, kyakkyawa, wanda in Babanku ya gani daga nesa sai ya yi kabbara. Ta nuna yatsu huɗu, wata huɗu ke nan da shukawa. Ta tumɓuko ɗaya ta miƙo mini. Ƙasan bai fi babban yatsana ba, fari, wuyan kuwa kauri da ruwa kamar rake.

"Rabi, tambaye ta, yaushe suke yanke mata ruwa?"

Ku da kuka tashi a gidan nan kun san abin da nake nufi. In albasa ta ƙosa, sai a toshe mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a bar rana da busasshiyar iska su yi aikinsu, ganye ya kwanta, wuya ya ƙulle, ɓawo ya yi ja. Rabi ta yi ta fama da hannu da baki har matar ta gane. Da ta gane sai ta kama ciki tana dariya, ta ɗaga yatsa ta nuna sama. Rabi ta ce wai ta ce ko a watannin da ruwan yake hutawa, iskar ba ta bushewa, su ganyen suke ci, albasa mai kai kuwa daga jirgi ake sauke ta.

Na yi mata godiya da hannu, muka dawo gida. Washegari na ce a kai ni shagon yayanku, wai ina so in ga kasuwa. Tun daga ƙofar ɗakin ajiya hancina ya gaya mini. Na sa hannu cikin buhu, albasar ƙasarmu ce, ja, mai kyau, irin wadda zan sa a rudu ba tare da na duba sau biyu ba. Na danna wuya, yatsana ya shige. A bayan shagon ga tarin wadda aka zubar. Ashe tsadar da ake faɗa, tsadar abin da ba ya zama ce. Mu muka yi shekaru muna kuka da rana, ba mu taɓa sanin tana cikin masu yi mana aiki a gona ba.

Kun san tsakanina da yayanku ba a doguwar magana. In ina son ya ji abu, sai in faɗa wa Rabi ko in faɗa wa bango yana wurin. Ranar nan na tsaya a cikin shagon, da ruɓaɓɓiyar albasa a hannuna, na dube shi ido da ido.

"Kai. Ka san albasa ba ta yin kai a garin ga?"

Ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana gyara bakin buhun da ba ya bukatar gyara.

"Na sani, Inna."

"Ka sani, ka bar ubanka shi sai da fadama?"

"In na ce mai shi zo shi zauna shago, zai zo? Ba zai zo ba. Shekara guda zai gwada, in ta ƙi, ya haƙura, ga kujera ga inuwa. Inna, kullum aka kira ni daga gida sai gabana ya hwaɗi kahin in ɗauka. So nike ku hito daga can da ranku. Don Allah ki yi shiru, shaidu jibi za su zaga."

A bakinsa na fara jin maganar shaidu. Na zauna a kan buhu. Ku sani, yaron nan ba mugunta ya yi ba. Tsoro ne irin na ɗa, kuma abin da yake tsoro gaskiya ne. Na yini ina juya abin. In na yi shiru, za mu zo mu zauna lafiya, in ga jikana yana rarrafe, in murɗa famfo. Sai in tuna Babanku. Mutumin da in ciwo ya kwantar da shi kwana biyu, rana ta uku sai a same shi a fadama da sanda, wai zai duba ko ƙasa ta yi kewarsa. Na hango shi ya zuba irin ubansa a baƙar ƙasa ya ruɓe, ya sake zubawa ya ruɓe, ya waiga ba fadamar komawa, sannan ya gane cewa matar da ya aika ta gani, ta gani ta yi shiru. Wannan na ƙarshen shi na kasa haɗiyewa. Da ya zaɓi shago da idonsa a buɗe, da na bi shi ko ina kuka. Amma ba zan bari a ja shi da ido a rufe ba, kuma da hannuna.

Da safe bayan na gama wa Rabi wanka na ce ta kira mini Babanku. Ta san mijinta ba zai so ba, amma ta kira. Na ji kukan awakinmu a bayansa.

"Malam, in albasa ta ƙosa, mi kake yi mata?"

"Wagga wace irin tambaya ta? In yanke mata ruwa mana."

"To nan ba a yankewa. Daga sama yake, ba shi da bakin toshewa."

Na gaya masa labarin matar lambu, da lawashi har gwiwa, da wuya kamar rake, da abin da na taɓa a shago. Na gaya masa alherin wurin ma, duka, har da barcin da mutane suke yi da hankali kwance, na ce in zaman shago zai iya, ga wuri, ni ban ƙi ba. Abu ɗaya na rage, ban ce yayanku ya sani ba. Ban taɓa faɗa ba sai yau, kuma na faɗa ne don shi da kansa ya ce in rubuta.

"Irin hwa?" in ji shi.

"Rabi ya mutu."

"Rabi?! Inna lillahi..."

A'a, ba haka aka yi ba, kada in ƙara wa labari gishiri. Cewa na yi rabinsa ya kwanta, sauran ma ba na sa rai. Ya ja numfashi ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya kashe waya. A ranar ya hau mota da kansa zuwa Achida ya ba Alhaji haƙuri, ya sha maganganu, don Alhajin ya riga ya gaya wa duniya ya yi fadama.

Abin ya ci mana, ba zan ce bai ci ba. Sauran kwanakina a tsibiri yayanku gaisuwa kawai yake yi mini, ya ajiye cefane ya fita. Sallah huɗu bai zo gida ba. Jikan da na yi wa wankan farko sai da ya yi wayo na sake ganinsa, ya zo yana kallona kamar baƙuwa, Hausarsa tana tuntuɓe. Tsoron hanya kuma bai ƙare don mun zauna ba. Kun tuna watan da muka kwashe ku muka yi a Sakkwato gidan kawunku, muna kwana kamar kifi a kwando. A watan nan na tambayi kaina ko na yi daidai, ba sau ɗaya ba. Amma Babanku ya ƙara shekaru goma sha wani abu yana noma ƙasar ubansa, a cikinta aka yi muku aure ɗaya bayan ɗaya, kuma da ajali ya zo, mutanen da suka san shi tun yana yaro su suka ɗauke shi. In na tuna saura kwana ɗaya a zaga iyaka, har yanzu sai in ce alhamdu lillahi a fili, ko da ina tsakiyar mutane.

Ranar da na dawo damina tana ƙarewa. Mota ta sauke ni da hantsi, rana ta mare ni a fuska, kafin in kai gida leɓena ya fara tsagewa. Na zazzage jaka, duk zannuwana suna warin sanyi, na ɗauraye su na shanya a igiya, mata suka cika gida da sannu da zuwa. Gwaggo Ai tana ta shinshina ni wai ta ji ko na koma kifi. Kafin in gama ba su labarin jirgi na miƙa hannu na taɓa zanen da ke kusa da ni, na ji shi ƙamas. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Daidai nan Babanku ya yi sallama ya shigo, fartanya a kafaɗa, laka har ƙauri.

"Ke kuma mi ya same ki, daga zuwa?"

"Ba komi, Malam. Zanena ya bushe."

Ya dube ni, ya dubi igiya, ya jingine fartanyarsa.

"To ki huta yau. Gobe za mu zuba iri, mutum shida na kira. A dahwa da yawa."